Amsa ga mai tambaya kan haɗa garin shayin cakulet a gida

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Naga tambayarki, kince gwangwanin Milo da Bournvita sun fi ƙarfin aljihu ga yara kullum sai sun sha kafin su tafi makaranta, shine kika sayo garin koko da madara da suga kika haɗa naki, amma ya fito da ɗaci, in kin zuba a ruwan zafi sai ya taso sama yayi gudaji, sauran kuma ya kwanta a gindin kofi, sannan bayan sati biyu ya dunƙule a cikin roba. To duk abin nan da kika lissafa akwai dalilinsa kuma duk yana gyaruwa, aikina ne ɓangaren sarrafa abinci kuma ina koyar da mata irin wannan haɗin anan Kano, dan haka zan ɗan tsawaita, kiyi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Abu na farko da nake so ki riƙe shine garin koko, wato na cakulet nake nufi ba na gero ba, baya narkewa a ruwa. Ko kin kwana kina juyawa bazai narke ba. Suga yana narkewa, gishiri yana narkewa, amma shi koko ƙananan ɓarɓashi ne kawai suke yawo a cikin ruwan, in kin ajiye kofin suka samu natsuwa sai su sauka ƙasa. Sannan akwai maiƙo a jikinsa, wanda ake sayarwa a kasuwa yawanci kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari mai ne, mai tsadar ma yana kaiwa 20 zuwa 22, kuma kinsan mai da ruwa basa shiri, shi yasa in kika watsa shi a kan ruwa sai bayan ya jiƙe ya rufe, cikin kuma yana nan a bushe, gudajin da kike gani kenan. Su kamfanoni abinda suke yi shine suna saka wani sinadari da ake kira lesitin, daga waken suya ake samo shi, yana sa mai da ruwa su haɗu, sannan suna busa wa garin tururi ya zama 'yan ƙwayoyi masu ƙofofi su sake busar da shi, shi yasa in kin duba na gwangwani zakiga ba gari bane lukui, tsaki-tsaki ne, ruwa yana ratsa shi nan take. Ke baki da wannan injin a kicin ɗinki kuma wallahi bakya buƙatarsa, abinda kike buƙata ki canja yadda kike damawa.

Ki zuba garin a kofi tukunna ba ruwa ba. Ki ɗiga ruwan ɗumi kamar cokali biyu, ki dama da bayan cokali har ya zama kwaɓi mai santsi ba ko ɗigon gari, kamar dai yadda kike fara kwaɓa gasara da ruwa kaɗan kafin ki sheƙa tafasasshe. Sai ki cika da ruwan zafi kina juyawa. Wannan kaɗai zai kashe miki matsalar gudaji. In na yara da yawa ne kuma ki dama a tukunya gaba ɗaya ki kaɗa da maburgi ya ɗan yi minti ɗaya ko biyu akan wuta kaɗan, yafi daɗi nesa ba kusa ba, domin koko yana da sitaci a jikinsa, in yaji wuta yana kumbura ya bada kauri kuma wannan ɗanɗanon na ɗanyen gari ya tafi. Kwanciyar gindin kofi kam bazata ɓace gaba ɗaya ba, ko na kamfani ki ajiye minti goma ki leƙa ƙasan, kawai a bar cokali a ciki ana juyawa.

Yanzu maganar ɗaci. Inaga abu biyu ne, ko kin cika kokon ko kuma irin kokon da kika sayo ne. Garin koko kala biyu ne. Akwai wanda aka niƙa aka bar shi yadda yake, launinsa ƙasa-ƙasa mai haske, yana da ɗan tsami da bauri, wannan yafi dacewa da kek. Akwai kuma wanda aka wanke da sinadari mai kashe tsami, irin aikin da kanwa take yi, shi launinsa yafi duhu yana ɗan ja, ɗacinsa mai laushi ne kuma yafi saurin haɗuwa da ruwa. Gidan van Houten na ƙasar Holan ne suka fito da injin matse mai daga ƙwayar koko a 1828, da sunan ƙasarsu kuma aka san wannan wankin, shi yasa in kin duba jikin leda zakiga an rubuta Dutch ko alkalized. To shi zaki nema in shayi zakiyi. Kije wajen masu kayan kek a kasuwar Sabon Gari ko Singa kice mai duhu kike so, amma ba baƙi wuluk ɗin nan da ake biskit da shi ba, shi wannan launi kawai gare shi ƙamshin ya tafi.

Kuma dan Allah ki kula da na awo wanda ake ƙullawa a farar leda ba suna ba komai. A 2024 da farashin koko ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya a kasuwar duniya, saboda amfanin ya lalace a Kwaddibuwa da Gana waɗanda su biyun ne suke noma fiye da rabin na duniya, abin ya zama kaya mai tsada, kuma duk abinda yayi tsada sai an samu mai yi masa haɗi. Abin takaici ma muna noma shi a ƙasar nan, Ondo da Kuros Riba da Osun da Ekiti duk suna yi, har cibiyar bincike akansa akwai a Ibadan, amma yawanci ɗanyensa ake fitarwa waje. Kafin ki saya ki roƙa ki shinshina, mai kyau ƙamshin cakulet zai daki hancinki tun kafin ki kai shi kusa, ki ɗan murza tsakanin yatsu kiji laushi da ɗan maiƙo ba yashi-yashi ba, ki ɗanɗana a harshe, ɗaci zakiji tsantsa, in kikaji zaƙi ko ɗanɗanon fulawa an yi masa gauraye. In da hali ki sayi mai suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa ko da ya ɗan fi kuɗi, tunda shi ne ran haɗin gaba ɗaya.

Madara ma kala biyu ce kuma mutane da yawa basu lura ba. Akwai mai cikakken kirim wadda man cikinta na nonon saniya ne, ba ya gaza kashi 26 cikin ɗari, akwai kuma wadda aka cire man nonon aka mayar da man itatuwa, mafi yawan ta buhu da ake aunawa a Singa da masu arha na sacet irinta ce, a jikin leda ake rubuta filled. Bance haramun bace ko cuta ce ba, ana sha lafiya, amma ɗanɗano ba ɗaya ba, mai kirim tafi garɗi. Ni shawarata in kuɗi ya matse ki raba biyu, rabi wannan rabi waccan. Abinda bana so shine garin kirima ɗin nan da ake sa wa kofi a ce madara ce, ita yawancinta sikarin masara ne da mai, furotin ɗin cikinta kaɗan ne ƙwarai, yaro zai sha yaji daɗi amma ba abinda ta gina masa.

Suga kuma dole ki niƙa. In kika haɗa suga mai tsaki da gari mai laushi, duk sanda aka motsa robar mai nauyi yana gangarawa ƙasa, sai ki tarar satin farko ɗaci satin ƙarshe zaƙi kamar me, ina zargin ma wannan yana cikin abinda ya sameki. Ki sa shi a ƙaramin kofin blanda na busassun kaya, ki tabbata a bushe yake ƙayau, ki niƙa kaɗan-kaɗan, ki bari ƙurar ta kwanta kafin ki buɗe. Ko ki sayi sugan aisin na kwali, wato niƙaƙƙen sugan da masu kek suke amfani da shi, dama shi akwai ɗan sitaci a ciki mai hana shi dunƙulewa. Kar ki kai injin unguwa. Injin da ya niƙa barkono da daddawa da safe bazai niƙa miki kayan shayi da rana ba, madara da koko suna zuƙar wari sosai saboda man dake jikinsu, kuma in ya shiga ya shiga kenan.

Ga ma'aunin da nake bayarwa na kilo ɗaya. Madara giram 500, niƙaƙƙen suga giram 300, koko giram 170, kwanfulawa, wato garin sitacin masara, giram 25, gishiri giram 5. In baki da sikeli ki samu kofi ɗaya ki auna komai da shi, madara kofi 4, suga 2 da rabi, koko kusan 2, kwanfulawa babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali 1 a shafe. Amma gaskiya ƙaramin sikelin kicin yafi, domin gari yana yaudara, kofin da aka danna da wanda aka zuba sama-sama ba ɗaya bane. Nasan zakice gishiri kuma a shayi, eh, kar ki cire shi, shi ne yake danne ɗacin koko ya fito da zaƙin, bazakiji shi a baki ba amma in babu zakiji wani abu ya rasa. Ki niƙa shi tare da sugan. Ita kwanfulawa aiki biyu take yi, tana rage dunƙulewa, in kuma an ɗora a wuta tana bada kauri, amma in ruwan filas kawai zaki dinga zubawa wanda ya kwana ya huce, ki rage ta zuwa cokali ɗaya dan bazata dahu ba. In yaranki ƙanana ne basu saba da ƙarfin koko ba ki fara da giram 130 ki cike gurbin da madara, daga baya kya ƙara.

Wajen haɗawa ki fara tankaɗe kokon da sugan da kwanfulawa tare a rariya mai laushi, sau biyu ko uku, har launin ya zama ɗaya ba fari-fari. Dalili, ƙwayoyin suga suna shiga tsakanin na koko su raba su, sai ruwa ya samu hanya. Daga nan ki zuba madara ki juya da busasshiyar muciya ko ki rufe babbar roba ki jijjiga. Kar ki sa madarar a blanda, zafin injin yana narkar da manta tayi danƙo, sannan in mai saurin narkewa ce kin farfasa ƙwayoyin da kamfani ya sha wahala ya yi. Babban cokali uku a cike, kusan giram 30, shine na kofi ɗaya, kinga kilo zai baki kofi talatin da 'yan kai.

Dunƙulewar da yayi miki kuwa danshi ne ba komai ba. Suga da madarar gari suna jawo laima daga iska, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da damina ta kankama, ko cokali mai ɗan jiƙa aka tsoma, ko aka buɗe robar kusa da tukunya tana tururi. Ki zuba a kwalba ko roba mai murfin da yake kamewa sosai, ki raba gida biyu, ƙarami na amfanin kullum babba a ɓoye sai an zo ƙari, kuma cokalinsa daban wanda baya shiga kofi. Kar ki sa a firji, da yanayin wutarmu da take zuwa tana ɗaukewa robar zata dinga yin gumi ta ciki, gara kabad mai sanyi nesa da murhu da rana. A hunturu yana iya kaiwa wata uku lafiya lau tunda iskar Kano a bushe take, amma a damina da kuma zafin Maris zuwa Mayu kar kiyi wanda zai wuce wata ɗaya, zafi yana sa man madara ya tsufa ya canja wari. Wanda ya riga ya dunƙule miki ki shinshina, in ƙamshin yana nan ba fumfuna ki murmushe ki tankaɗe ki shanye shi a kwana kusa, ki dinga dafa shi a tukunya, in ya canja wari ko launi ki zubar kar ki ba yara.

Saura abu ɗaya da nasan zai biyo baya, yara zasuce Mama wannan ba irin na gwangwani bane. Gaskiyarsu. Abinda yake ba Milo da Bournvita da Ovaltine wannan ɗanɗanon ba koko bane kaɗai, tsiron hatsi ne, wanda ake kira molt. Milo tun da aka ƙirƙiro shi a Ostareliya a 1934 akan tsiron sha'ir aka gina shi, anan Najeriya kuma kamfanoni suna yin molt da dawarmu. Mu ba baƙon abu bane a wajenmu, masu kunun zaƙi sun san tsiro. Hanya mafi sauƙi ki nemi garin molt wajen masu kayan kek ki sa giram 100 ki rage suga da giram 50. In kuma da kanki zakiyi, ki jiƙa dawa ko alkama kwana ɗaya kina canja ruwa, ki tsane, ki shimfiɗa a buhu ki rufe kina yayyafa ruwa safe da yamma kwana biyu zuwa uku har ya fito da ɗan tsiro, ki shanya ya bushe ƙarau. To anan ki saurara da kyau, in dawa ce dole ki murje tsiron da saiwar ki sheƙe su tas, ƙwayar kaɗai ake so, domin ɗanyen tsiron dawa yana da sinadari mai guba, shi ne dalilin da makiyaya basa barin dabba ta ci ƙaramar dawa. Ni ga mai farawa nafi son alkama saboda wannan. In kinga fumfuna ko wari mara daɗi lokacin tsirowa ki zubar duka. Bayan ya bushe ki soya shi sama-sama a busasshen kasko wuta kaɗan har yayi ƙamshi, ki niƙa, ki tankaɗe da rariya mafi laushi da kike da ita. Shi wannan sai an ɗora shayin a wuta yafi daɗi, kuma zai ƙara kwanciya a gindin kofi.

Kayan ƙamshi kuma ra'ayi ne. Garin kirfa ƙaramin cokali ɗaya a kilo yana tafiya da koko sosai, citta ma haka musamman lokacin sanyi, kanumfari kuwa kaɗan ƙwarai dan yana danne komai, duk zaki samu a Kurmi ko Rimi. Fulebo na ruwa kar ya shiga cikin garin, danshi ne, ki nemi banila ta gari ko ki ɗiga a kofi lokacin sha. Masu sa garin dabino maimakon suga, yana da daɗi amma yana jawo laima fiye da suga kuma baya narkewa duka, sai ayi kaɗan-kaɗan, sannan mai ciwon suga kar ya ɗauka dabino ya kuɓutar da shi, shima zaƙi ne. Waken suya ana sawa dan a rage kuɗin madara kuma yana da furotin sosai, amma sai an tafasa shi an cire ɓawon an shanya an soya, ɗanye yana hana narkewar abinci ya kumbura ciki, kuma kar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na madarar in ba haka ba warin wake zai fito.

Game da yara, a wannan ma'aunin kofi ɗaya yana da suga kusan giram 9, wato ƙaramin cokali biyu, dan haka kar a ƙara wani suga a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa a abinci kar ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, ga babba kusan giram 50 kenan, yaro kuma ƙasa da haka, ga biredi ga alawa ga lemo duk suna jiransa a waje. Koko yana da kafeyin kaɗan, bai kai na ganyen shayi ba, amma yaron da baya barci da wuri a ba shi da safe. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kam kar a ba shi sam, wannan ba abincin jarirai bane kuma baya maye gurbin nono. Sannan ki sani na gwangwani ana ƙara masa bitamin da sinadarin ƙarfe, naki babu wannan ƙarin sai abinda yake cikin madara da kokon, to ki cike da ƙwai da wake da ganye a abinci. Madarar dake kofi ɗaya giram 15 ce, wajen rabin abinda ake damawa a samu cikakken kofin madara, in yaron ramamme ne ki ƙara masa cokali ɗaya a kofinsa.

Maganar sauƙin kuɗi kuma ki zauna da biro kiyi lissafi da farashin ranar da kika shiga kasuwa, ki haɗa kuɗin kayan kilo ɗaya ki raba 33, kuɗin kofi ɗaya kenan. In zaki kwatanta da na gwangwani kar ki manta ki sa kuɗin madara da sugan da kike ƙara masa, anan ne zakiga bambancin, domin naki komai yana ciki ruwa kawai yake jira. In kun haɗa kai ku uku ko huɗu a unguwa kuka sayi koko kilo guda da madara a sari kuka raba yafi sauƙi sosai akan sayen ƙulli-ƙulli. In kuma daga baya kinga ya karɓu kina so ki fara sayarwa, lokacin ne zaki nemi lesitin na gari ki sa kamar giram 5 zuwa 10 a kilo saboda kwastoma bazai tsaya kwaɓawa ba, ki samu injin like leda, ki rubuta abinda ke ciki musamman in akwai waken suya ko alkama saboda masu alaji, ki sa ranar da akayi, sannan kije ofishin NAFDAC kiyi rajista kafin ki kai shaguna.